Darasi na 6: Yadda Ake Shirya Naman Jiki Don Dubawa da Madubin Likita

Idan ƙari ya fito a jikin mutum, ido kaɗai ba ya iya tantance ko na daji ne ko ba shi ba ne. Sai likita ya yanko ɗan guntun nama daga wurin, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Shi madubin likita da haske yake aiki, hasken da ke tasowa daga ƙasa ya ratsa abin da ake dubawa. Dunƙulen nama kuwa haske ba ya wuce shi. Don haka duk aikin da za mu bayyana nan manufarsa ɗaya ce: a mai da naman siriri ba tare da ya lalace ba.

Matakin farko ya fi kowanne nauyi. Da zarar nama ya rabu da jiki, ƙwayoyin halittarsa sun fara narkar da kansu. Nan take ake tsoma shi cikin ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kuma ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau 10. Fomalin a hankali yake shiga, kimanin milimita 1 a awa guda. Shi ya sa ake tsattsaga babban nama, a zaɓi yanka masu kaurin milimita 3 zuwa 4. In aka cusa babban ƙari a ƙaramar kwalba da ruwa ɗan kaɗan, bayansa zai kamu, wato fomalin ya ratsa shi, cikinsa ya ruɓe, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Mara lafiya ya sha wuƙa a banza ke nan. Kada a sa naman a firiza, domin ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. A nemi kwalba mai faɗin baki, tunda nama tauri yake yi a fomalin, zai ƙi fitowa ta ƙaramin baki. Sunan mara lafiya a jikin kwalbar ake rubuta shi, ba a murfi ba, saboda murfi yana iya musanyuwa. Fomalin guba ne, sai da safar hannu, a wuri mai iska.

Bayan ya kamu, ana zare ruwan da ke cikinsa da sifirit, daga mai kashi 70 har zuwa tsantsa. Sai a wanke sifirit ɗin da sinadarin zailin, sannan a jiƙa naman cikin narkakken kaki mai zafin digiri 60. Kaki ba ya shiri da ruwa. In ruwa ya saura, tsakiyar naman zai yi laushi, ya dinga marmashewa wajen yanka.

Kakin yana daskarewa sai a ɗaura shi a na'urar yanka da ake kira maikirotom. Kaurin kowane yanka maikiromita 4 ne ko kusa da haka. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, silin gashin kai kuwa yakan kai 70. Yankan yana fitowa a yamutse, sai a shimfiɗa shi a kan ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45, ya miƙe, a ɗauko shi da ɗan gilashi. Reza mai giɓi tana barin zane a tsawon yankan. Ruwan da ya yi zafi da yawa kuma yana narkar da kakin, naman ya tarwatse.

A wannan siranta nama ba shi da launi, sai an rina shi. Ana cire kakin, a sa rini biyu. Hematoksilin yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, iyosin kuma ya rina sauran jikinta ruwan hoda. Cibiyar ce likita ya fi zuba wa ido, domin a ciwon daji takan yi girma, ta yi duhu, siffarta ta karkace.

Wajen dubawa, gilashin ido yana ƙara girma sau 10, na ƙasa kuma akwai mai 4, mai 10 da mai 40. Ninka su ake yi: 10 sau 40 ya ba da 400. A fara da mai 4 a ga naman gaba ɗaya, sannan a matsa. A kan mai 40, ƙaramin maɓallin saiti kawai ake murɗawa, babban yana iya fasa gilashin da naman yake kai.

Madubin haske ba ya rarrabe abin da ya gaza maikiromita 0.2. Abin da ya fi haka ƙanƙanta sai madubin ilektiron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a Jamus a 1931. Da shi ake duba matatar ƙoda a wasu cututtukanta.