Yadda zaka saka auduga a akwatin wufa ba tare da ka kashe bes ɗin ba

Wani ƙanina da muke zaune tare a nan Jidda ya kawo min motarsa shekaranjiya, wai wufarsa, babbar sifikar nan mai fitar da bes, ta daina duka. Ina buɗe but ɗin na kwance sifikar sai ga auduga dam har cikin ramin iska, ashe filo biyu ya farke ya danna saboda yaji ance auduga tana ƙara bes. Toh tana gyara sauti kam, amma ba haka ake yi ba.

Kafin ka taɓa komai ka duba wane irin akwati gareka. Akwai rufaffe wanda ba shi da ƙofa ko ɗaya, akwai kuma mai rami ko bututu da iska ke fita. Aikinsu ba ɗaya bane.

Rufaffen shi ne auduga tafi yiwa amfani. Idan sifika tana shiga tana fita, iskar ciki tana matsuwa ta ɗan yi zafi, zaren audugar sai ya shanye zafin nan, iskar ta rage tauri, sifikar sai taji kamar a akwatin da ya ɗan fi wannan girma take. Shi yasa idan kafinta ya yi maka ƙaramin akwati bes ɗin yana "bum bum" kamar ana dukan durom, auduga zata tausasa shi ya sauka ƙasa ya fito tsaf. Amma fa ƙarfi ba zai ƙaru ba, wani lokacin ma ya ɗan ragu, kada wani mai shago a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ruɗeka.

Wace auduga? Farar nan ta roba da ake cusa wa filo da kushin, foliyesta, wajen masu ɗinkin kujeru zaka samu a kilo. Akwai masu saka wancan rawayan na zaren gilashi da ake sa wa rufin gini, yana aiki sosai amma ƙaiƙayinsa wallahi sai ka gwammace kiɗa da karatu, kuma ba a shaƙarsa, in dole ne sai da safar hannu da takunkumi. Soson nan mai kama da kiret ɗin ƙwai kuwa ni bana ɓata kuɗina a kai in dai don bes ne, ya yi siriri da yawa, sautin bes mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa (50Hz) tsawon zangonsa ya kusa mita 7, ina soson santimita 3 zai tare shi.

Awon kuma ga yadda nake yi. Ka auna cikin akwatin, ba wajensa ba, tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000, lita kenan. Misali 40 sau 35 sau 25 ya baka lita 35. Abin da aka saba shi ne kamar giram 16 a kowace lita, kaga kenan giram 560. Ni nakan fara da rabin haka in saurara, sannan in ƙara.

Ka cire wayar amfilifaya tukuna, ka kwance sukurorin, ka ɗago sifikar a hankali kar sukurdireba ta zame ta huda maka ita. Audugar ka yayyage ta ta yi sako-sako kamar gajimare, kada ka dunƙule kada ka danna, in ta matse sosai wurin iska take cinyewa, akwatin ya koma ƙarami maimakon babba. Sannan ka juya sifikar ka duba bayan maganaɗisun, yawanci akwai ɗan rami a tsakiya, nan take shan iska ta huce, ka bar masa fili kamar faɗin yatsu huɗu. Da zafin Jidda, mota ta wuni a rana, ka toshe wannan ramin kuma ka murɗa ƙara, koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin sifikar, ƙonewa zai yi.

Mai rami kuwa bango kawai zaka shimfiɗa wa, kaurin santimita 2 zuwa 3, musamman bangon da ke bayan sifikar, kuma ka nisanci bakin bututun daga ciki. Ka kafe ta da sitefila, gam kaɗai baya riƙewa a zafin nan, wata rana zaka ga auduga tana leƙowa ta rami.

Wani abu da mutane ke ruɗewa, in akwatin ne da kansa yake karkarwa ko lambar mota ke "zzz", wannan ba aikin auduga bane. Katako ne ya yi siriri, sai a sake da katakon MDF mai kaurin milimita 18 ko a tokare bangon da sanda daga ciki, lambar kuma ka liƙa mata ɗan soso a baya.

Da ka mayar da sifikar ka ɗaure sukurori ɗaya nan ɗaya can daura da juna, ka ɗan danna tsakiyarta da yatsu a hankali, in rufaffe ne kaji tana dawowa sannu a hankali to iska bata yoyo. Gwajin kuma da waƙa ɗaya da ka sani sosai, ƙarfin sauti iri ɗaya, kafin ka saka audugar da bayan ka saka, kuma don Allah ba a ƙofar masallaci ba. Na ƙanin nawa kusan duka muka kwashe, muka bar ta bango kawai, sauran ya ɗinke filonsa ɗaya da ita.