Yadda lasifika ke fitar da sauti, da yadda za ka haɗa ƙaramin amfilifaya da hannunka

Kafin ka sayi komai, nemo tsohuwar lasifika daga rediyon da ya mutu, da batirin tocila mai bolt 1.5. Ɗora wayoyi biyu a ƙafafun lasifikar, ka taɓa su a kan batirin. Za ka ji "ƙas", kuma ka ga takardar da ke fuskar lasifikar ta ɗan zabura waje. Juya batirin, sai ta shige ciki. To, ka ga sirrin gaba ɗaya.

A bayan takardar nan mai siffar mazurari akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe, wadda masu gyara ke kira koyil, tana zaune a cikin wani ɗan tsagi da maganaɗisu ya kewaye. Idan wuta ta bi ta cikinta sai ita ma ta zama maganaɗisu, babban ya tura ta ko ya jawo ta, gwargwadon inda wutar ta dosa. Ita kuma ta ja takardar, takardar ta bugi iska, iska ta bugi dodon kunne. Idan ta kai ta komo sau 100 a daƙiƙa, ka ji sauti mai kauri irin na babbar ganga. Sau 5,000 kuwa, siriri kamar fito. Kunnen matashi na kamawa daga kusan 20 zuwa 20,000. Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka wallafa a 1925, kuma har yau shi ne a cikin lasifikar masallaci da ta motar kiɗa.

Matsalar ita ce wutar da ke fitowa daga ramin iyafis na wayar hannu ba ta da ƙarfin girgiza babbar takarda. Amfilifaya shi ke ɗebo ƙarfi daga batir ya kwaikwayi wannan ƙaramar wutar, amma da girma. Ga mai koyo, ban ga abin da ya kai LM386 sauƙi ba: ɗan ƙaramin ayisi ne, wato ƙwayar lantarki da aka dunƙule haɗin amfilifaya a cikinta, baƙi mai ƙafa takwas, ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano.

Banda shi, ka sayo maɓallin bolum mai 10k, kapasito (ɗan abin da ke tara wuta na ɗan lokaci) 220µF da 100µF da 10µF, ƙaramin kapasito 0.047µF (a jikinsa an rubuta 473), rizisto (mai rage gudun wuta) mai om 10, lasifika mai om 8, batir mai bolt 9, allo mai ramuka, dalma da ƙarfen narka ta. Ka ƙara da soket mai ƙafa takwas. Kuɗinsa kaɗan ne, amma shi za ka liƙa da dalma, sannan ka zaunar da ayisin a kai, zafi ba zai ƙona shi ba.

Fara da gane ƙafafu. Riƙe ayisin rubutunsa na kallonka, ɗan yankan nan mai kamar jinjirin wata yana sama. Ƙafar farko ta hagu ita ce 1. Ka gangara har 4, ka tsallaka dama ka hau daga 5 zuwa 8.

Ƙafa ta 2 da ta 4 ka kai su ga baƙar wayar batir, wato nagatif. Ta 6 ga jar waya. Tsakanin 6 da 4 ka sa kapasito 100µF, kusa da ayisin sosai, doguwar ƙafarsa a kan 6. Sai bolum: ƙafarsa ta tsakiya ta tafi 3, ɗaya ta gefe ta tafi nagatif, ɗayar ta karɓi sauti daga wayar hannu. Don wannan, yanke tsohon iyafis. Wayoyin cikinsa an shafe su da fenti, dalma ba ta kama su sai ka ɗan babbake bakinsu da ashana ka goge. Daga ɓangaren da ke shiga wayar hannu, ɗauki ta kunne guda ka kai ta bolum, ta nagatif kuma ka haɗa ta da nagatif ɗin batir, ya isa.

Ƙafa ta 5 ce mafita. Daga ita zuwa lasifika dole sai an ratsa ta kapasito 220µF, doguwar ƙafarsa na kallon ayisin. Kada ka tsallake shi. A kan ƙafa ta 5 kullum akwai rabin wutar batir a zaune, ko da ba kiɗa, kuma idan ta shiga koyil kai tsaye sai ya yi ta zafi. Ɗayar ƙafar lasifika ta koma nagatif. Sannan ka jera rizisto om 10 da kapasito 473, ɗaya bayan ɗaya, daga 5 zuwa nagatif. Su ke hana ayisin yin kukan banza.

Rage bolum, sa batir, kunna waƙa, ka ɗaga a hankali. A haka yana ninka sautin sau 20. Idan ka sa kapasito 10µF tsakanin 1 da 8, doguwar ƙafa a kan 1, ninkin ya koma 200. Ni dai karon farko kwaɗayi ya sa na saka shi, ga wayoyina dogaye kamar igiyar shanya, abin ya riƙa ihu har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko akuya ce aka taka. Ga wayar hannu, 20 ya wadatar. Idan ka ji gurnani, gajarta wayoyi, ka haɗe duk nagatif a wuri guda.

Kada ka jona shi da batirin mota ko na sola. LM386N-1 ba ya son fiye da bolt 12, su kuwa idan suna caji sukan haura 13. Manyan batiran tocila huɗu a jere, bolt 6, sun fi ɗan mai bolt 9 daɗewa nesa ba kusa ba. Ƙarfin amfilifayan bai kai wat ɗaya ba, don haka na ɗaki ne, ba na gidan biki ba.

Saura akwati. Lasifika tsirara ba ta da kauri, domin lokacin da takarda ta tura iska ta gaba, iskar sai ta zagaya baya ta cike gurbin da aka bari, sautin ya kashe kansa. Sami kwali mai ƙwari ko falanki, ka yanka rami daidai bakin lasifikar, ka ɗaure ta tam, ka toshe duk wata kafa da gam, ka cusa ɗan auduga ko tsumma a ciki ba tare da ya taɓa takardar ba. Kunna waƙa ɗaya a waje, ka sake kunna ta bayan ka rufe murfin, ka saurari gangar.