Yadda Ake Zama Malamin Jami'a Mai Horar da Masu Kula da Lafiyar 'Yan Wasa a Amurka

A Amurka, mutumin da ke rugawa cikin fili da jakarsa idan ɗan wasa ya faɗi ma'aikacin lafiya ne, ba koci ba, kuma tun 1990 ƙungiyar likitocin ƙasar ta amince da sana'arsa. Wanda ke son koyar da ita a jami'a sai ya fara taka hanyar da ɗalibansa za su bi. Ya yi digiri na biyu a shirin da CAATE, hukumar da ke tantance karatun wannan sana'a, ta amince da shi, domin daga 2022 an daina ɗaukar ɗalibai a matakin digirin farko, sannan ya ci jarrabawar BOC, hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a sana'ar, ya kuma nemi lasisin jihar da zai yi aiki.

Daga nan kada ya yi gaggawar shiga aji. Ya fi kyau ya shafe wasu shekaru a bakin fili, yana naɗe idon sawun da ya gurɗe, yana koyon gane yaron da ya bugu a ka amma yake rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau don kada a cire shi. A ganina wannan matakin ya fi kowanne nauyi, domin ɗalibai ba su daɗewa kafin su gano malamin da a takarda kawai ya san rauni.

Sai digirin digirgir, wanda ake buƙata ga mai son shugabantar shirin, tare da bincike da wallafa sakamakonsa.

Idan ya fara koyarwa, ya sa hannun ɗalibai ya riga bakinsu ƙwarewa. A darasin bugun zafi, ya ba su labarin Korey Stringer, ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka na ƙungiyar Minnesota Vikings, wanda zafi ya kashe a lokacin atisaye a 2001, sannan ya fito da su waje su cika baho da ruwa da ƙanƙara, su tsoma abokinsu a ciki har zuwa wuya, su haddace ƙa'idar cewa ana sanyaya jiki kafin a nufi asibiti. Haka kuma ya riƙa maimaita musu danna ƙirji da amfani da na'urar farfaɗo da zuciya yana duba agogo. A Janairun 2023, lokacin da zuciyar Damar Hamlin, ɗan wasan ƙungiyar Buffalo Bills, ta tsaya ana tsakiyar wasa a Cincinnati, Denny Kellington, ɗaya daga cikin masu kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar, shi ya durƙusa ya danna masa ƙirji.

Shi ma malamin bai tsira daga karatu ba, domin BOC tana neman ƙarin ilimi duk shekara biyu kafin ta sabunta masa shaidarsa.