Darasi na Bakwai: Ruwan Kwamin Ninƙaya a Gidan Motsa Jiki

A Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, manyan otal-otal da wasu gidajen motsa jiki suna da kwamin ninƙaya, wato babban ramin siminti da aka lulluɓe da tayil aka cika da ruwa. Likita kan shawarci mai ciwon gwiwa ko mai ƙiba ya riƙa iyo, domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Da Sallah iyaye kan kai yara. Wasu masu karanta wannan littafi kuma a can suke neman abinci, ko shara, ko gadi, ko kula da ruwan kansa. Darasin nan na kowa ne a cikinsu, amma ya fi shafar mai kula da ruwan, domin lafiyar mutane da yawa tana hannunsa.

Warin da ke bugun hanci

Wani dattijo a ajinmu na yamma, mai shara a wani gidan motsa jiki, ya taɓa ce mini: “Malam, ai namu ruwan lafiya lau yake. Tun daga bakin ƙofa za ka ji warin magani.”

Na ce: “Baba, idan yara sun fito, yaya idanunsu?”

Ya ce: “Jajawur. Ai ƙarfin maganin ne.”

Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma ba haka ba ne. Maganin da ake zuba wa ruwan sunansa kulorin. Shi ne a cikin Hypo da mata ke wanke fararen kaya da shi, shi ne kuma a cikin maganin da ake ɗiga wa ruwan sha lokacin annobar amai da gudawa. Idan kulorin yana cikin ruwa mai tsabta daidai gwargwado, warinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma idan ya haɗu da gumi da fitsari da daudar jiki, sai ya rikiɗe ya zama wani abu daban da ake kira kuloramin. Kuloramin ne ke da warin nan mai hawa kai. Shi ke sa ido ja, ya sa ƙaiƙayin fata da tari, ya kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Ya fi taruwa a kwamin da ke cikin ɗaki rufaffe inda iska ba ta wucewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Wari mai ƙarfi yana nuna cewa dauda ta cinye maganin, saura kaɗan ya rage da zai kashe ƙwayoyin cuta.

A gidan motsa jiki matsalar ta fi yawa saboda dalili ɗaya: mutum ya gama gudu a kan inji ko ɗaga ƙarfe, jikinsa sharkaf da gumi, sai ya faɗa ruwa don ya huce. Duk gumin nan, da man shafawa, da turare, da man kitso, cikin ruwan za su ƙare. Shi ya sa ake ajiye shawa kusa da kwami. Wanka na minti ɗaya kafin shiga yana kawar da mafi yawan abin da ke jiki.

Batun fitsari kuwa, mutane ba sa son a tayar da shi, amma an auna. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun bi ruwan wasu kwami biyu na tsawon mako uku. A babban, mai ɗaukar lita 830,000, sun ƙiyasta akwai fitsari kamar lita 75. Jarka mai lita 25 guda uku ke nan.

Abin da kulorin ba ya kashewa da wuri

Mun saba da cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, ana iya tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Sai dai ƙwayar cuta ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa na iya zama garau kamar na randa, yana ɗauke da abin da zai kwantar da yaro mako biyu.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake kira CDC, ta bayyana tsawon lokacin da kulorin ke ɗauka kafin ya kashe wasu ƙwayoyi a ruwan da aka kula da shi yadda ya kamata. Ƙwayar Ikolai, mai sa gudawa, ba ta kai minti 1. Ƙwayar ciwon hanta nau'in A, mai sa shawara, tana ɗaukar kamar minti 16. Jiyadiya, ita ma mai ɓata ciki, kamar minti 45. Akwai kuma wadda ake kira Kirifto. Tana da ɓawo mai tauri da ke kare ta, tana iya wuce kwana 10 da ranta a cikin ruwa mai magani.

A dakata a nan a yi tunani. Yaro mai gudawa ya shiga ruwa ranar Asabar. Ko bai yi komai a ciki ba, ɗan abin da ya rage a jikinsa ya wanke cikin ruwan. Wani yaron ya zo Asabar ta gaba, ya kurɓi ruwa yana wasa, ya koma gida. Bayan kamar mako guda ciki ya ɓaci, uwa tana zargin awara ko ruwan leda, ba wanda zai tuna da iyo. Ta haka cutar ke zagayawa ba a gane tushenta ba.

Don haka dokar farko ta fi kowane magani: mai gudawa, babba ko yaro, kada ya shiga ruwa. Idan asibiti ta tabbatar Kirifto ce, ya jira mako 2 cur bayan gudawar ta tsaya. Na san da wuya uba ya biya kuɗin shiga na yara huɗu, ya ce wa ɗaya ya zauna a gefe yana kallo. Gara a bar shi gida, a yi masa alkawarin wata rana. A kuma koya wa yara kada su haɗiye ruwan, a riƙa fito da ƙanana duk bayan awa ɗaya a kai su bayan gida. Kada a sauya wa jariri ƙunzugu a bakin kwami.

Idan aka ga bayan gida a cikin ruwa, kowa ya fito nan take. A kwashe shi da raga ko bokiti. Idan mai tauri ne, a kai kulorin miligiram 2 a lita, a jira minti 30 kafin a buɗe. Idan gudawa ce, aikin babba ne: sai an ɗaga maganin zuwa miligiram 20 a lita, a bar shi haka kusan awa 13, sannan a jira ya sauko kafin mutum ya shiga. Ranar ta tafi ke nan, kuma mai gida zai yi asarar ciniki. Duk da haka ma'aikaci ya faɗa masa gaskiya.

Sauran cututtukan na fata ne da kunne. Ruwa ya maƙale a kunne ya kawo ciwo da ruwan kunne, ko ƙuraje su feso a inda rigar iyo ta matse jiki, musamman bayan zama a ƙaramin kwamin ruwan ɗumi da wasu gidajen ke da shi. Cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa kuma a jiƙaƙƙen daɓen banɗaki ake ɗaukarsa, sai a sa silifa. Tsargiya dai ta kududdufi da rafi ce, inda ƙananan dodon koɗi ke rayuwa, ba a samunta a kwamin da ake zuba wa magani.

Duba kafin ka shiga

Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Tsaya a ɓangare mafi zurfi ka leƙa. A ƙasan akwai murfin magudanar ruwa. Idan ba ka ganinsa sarai, kada ka shiga, kada ka bar ɗanka ya shiga. Ruwa mai duhu yana ɓoye cuta, yana kuma ɓoye mutum. A shekarar 2011, a garin Fall River na jihar Massachusetts a Amurka, wata mata ta nutse a kwamin gwamnati, gawarta ta kwana biyu a ƙasa saboda duhun ruwan, mutane suna ta iyo a kanta ba su sani ba.

Sa hannu ka shafa bangon ciki. Idan da santsi ko yauƙi, ƙwayoyi sun fara kafa gida. Idan ruwan ya soma kore, gansakuka ce, alamar maganin ya ƙare. Wannan kan faru har a manyan wurare. A gasar Olamfik ta 2016 a birnin Rio na ƙasar Birazil, ruwan kwamin masu tsalle ya wayi gari kore shar a idon duniya, domin an zuba masa wani sinadari da ya kashe ƙarfin kulorin.

Sannan ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙugin injin famfo. Injin ne ke jan ruwa ya bi da shi ta matata, wadda yawanci tukunya ce cike da yashi, ya dawo da shi a tace. A nan ne matsalarmu take. An ɗauke wuta, man janareta ya yi tsada, sai a kashe injin da dare ko a bar shi kwana biyu. Ruwan da ba ya zagayawa ba ya tacuwa, maganin ma ba ya gaurayuwa. Ga ƙurar hunturu tana sauka, ga zafin ranar bazara da ke cinye kulorin cikin 'yan awoyi a kwamin da ke fili. Wasu sukan jefa alif don ruwan ya kwanta. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Lambobi biyu da za a haddace

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Ana sayar da 'yan siraran takardun gwaji a cikin kwalba, a shagunan kayan kwami. Za ka tsoma ɗaya cikin ruwa, ka fitar, ka jira daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalbar, sai ka gwada launin da ta yi da launukan da aka zana. Kowane launi da lambarsa.

Lamba ta farko ta kulorin ce, wanda bai riga ya haɗu da dauda ba. Kada ta gaza 1. A jikin kwalba za ka ga haruffa uku, ppm, ma'anarsu miligiram a kowace lita. A ƙaramin kwamin ruwan ɗumi kada ta gaza 3, domin zafi na saurin cinye magani.

Lamba ta biyu ana rubuta sunanta da haruffa biyu, pH. Tana nuna ko ruwan ya karkata wajen tsami irin na tsamiya, ko wajen kanwa. Ana so ta tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Idan ta haura, kulorin yana nan amma ya yi sanyi, ruwan kuma ya yi fari-fari. Idan ta faɗi ƙasa, ruwan zai riƙa cin ido da fata da ƙarfen famfo. Ka lura da ɗigon da ke tsakanin 7 da 2. Bakwai da ɗigo biyu ake karantawa, ba saba'in da biyu ba.

A auna aƙalla sau 2 a rana, a ƙara idan mutane sun yi yawa. Duk awon da aka yi a rubuta shi a littafi: kwanan wata, lokaci, lambobin biyu, da abin da aka zuba. Littafin nan kariya ne ga ma'aikaci. Ranar da wani ya kawo ƙara, ko ranar da ka ce a sayo magani aka ƙi, rubutunka ne shaidarka. Mai zuwa iyo shi ma yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: “Don Allah yau an auna ruwan? Nawa ya nuna?” Gidan da ke kula da ruwansa ba zai ji haushin tambayar ba.

Hattara da maganin kansa

Kulorin na gari ko na ƙwaya yana da ƙarfi sosai. Ana kuma ajiye asid, wato sinadari mai tsami da ƙuna, don sauko da pH. Waɗannan biyun kada su taɓa haɗuwa, ko a bokiti ɗaya, ko da ludayi ɗaya, domin suna fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. A ajiye su nesa da juna, a busasshen wuri mai iska, a kulle saboda yara. Magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A sa safar hannu da tabarau, kuma kada a zuba alhali mutane suna ciki. Idan ya fantsama a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai gudana minti 15, sannan a tafi asibiti da mazubin maganin a hannu.

Aikin aji

Ja layi biyar daga sama zuwa ƙasa a littafinka. Rubuta a kansu: Rana, Lokaci, Kulorin, pH, Abin da aka zuba. Cika sahun farko da ke ƙarƙashinsu da wannan: ranar Talata da ƙarfe 7 na safe, kulorin ya nuna 0.5, pH ya nuna 8.0, ba a zuba komai ba tukuna.

Yanzu ku tattauna biyu-biyu. Za a buɗe wa mutane wannan ruwa? Wace lamba ce ta yi ƙasa, wace ce ta yi sama? Mutum ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zama mai gidan da ke son a buɗe saboda baƙi suna jira a ƙofa. Ma'aikaci ya nuna masa littafin, ya karanta masa lambobin da babbar murya.