Yadda Ake Warware Lissafin Siffofi da Haɗaɗɗun Lambobi

Da farko ka ɗauki kowane ɗigo a matsayin lamba guda. Ɗigon (1, 2) ya zama haɗaɗɗiyar lamba 1 + 2i, inda i ita ce lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1, shi ke nan. Tun 1797 Caspar Wessel, wani ɗan Norwe mai awon ƙasa, ya bayyana wannan dabara, kuma ba a nan ɗalibai ke tuntuɓe ba. Kada dai ka yi saurin fasa lambar zuwa x da y. Wanda ya fasa ta ya koma gidan jiya.

Inda ake faɗuwa shi ne juyawa. Kowa ya haddace cewa ninkawa da i tana juya ɗigo digiri 90, saɓanin tafiyar hannun agogo. Abin da ake mantawa shi ne, a kewayen sifili, wato ɗigon (0, 0), kaɗai take juyawar. Na sha ganin takardu da wannan kuskure, ni ma na taɓa ɓata yamma guda ina neman inda na kauce.

Ga misali. An ba ka kusurwa biyu masu maƙwabtaka na murabba'i, A = 1 + 2i da B = 4 + 6i, ana neman D, ɗaya maƙwabciyar A. Mai garaje zai ninka B da i, ya sami −6 + 4i, ya ja layi a ƙasa. Auna tazararsa da A, za ka ga √53, alhali gefen murabba'in 5 ne. Abin yi shi ne ka fara debe A daga B, ka sami 3 + 4i. Wannan kibiya ce da ta tashi daga A, ita ake juyawa. Ninka ta da i, ta zama −4 + 3i. Sannan ka mayar da A ɗin da ka debe: D = −3 + 5i. Debe, ninka, mayar. Ka zana hoton ko da a gurguje, domin idan murabba'in yana ɗaya gefen layin, da −i za ka ninka, kuma lissafi ba zai faɗa maka ba.

Idan tambayar ba ta ƙayyade lambobi ba, ka ɗora sifili a kan ɗigon da ake juyawa a kewayensa, ka huta da debewa. Idan akwai da'ira, cibiyarta ce sifili, faɗinta daga cibiya 1. A ganina rabin aikin ke nan.

Sauran ba wuya. Kusurwa ta huɗu ta murabba'in ita ce C = B + (−4 + 3i), wato 9i. Don alwatika mai gefe daidai, ninka da cos 60° + i sin 60° maimakon i. Kana son sanin ko A, B, C na kan layi ɗaya? Raba C − A da B − A. Idan babu i a amsar, layi ɗaya ne. Idan ɓangaren i kaɗai ya rage, kusurwar da ke A digiri 90 ce.