Koko Mai Zafi a Sanyin Birtaniya: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya iso Birtaniya a watan Satumba don karatu ko aiki, ba ya gane irin sanyin ƙasar sai bayan Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga nan dare zai riƙa shigowa da wuri, har ya kai ga a tsakiyar Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a Landan, a Gilasgo kuwa tun kafin hakan. A irin wannan lokaci mutum yakan dawo gida yatsunsa sun ƙandare, yana neman abin da zai ɗumama masa ciki, ga shi kuma babu mai shayi a bakin layi. Ɗaya daga cikin abubuwan da masu ƙasar suke sha shi ne koko mai zafi, kuma koyon haɗa shi a gida ya fi sayensa a gidan shan kofi, inda kofi ɗaya yakan haura fam 3.

Sai dai akwai ruɗanin suna da ya kamata a kawar tun farko. Idan Bahaushe ya ji an ce koko, zuciyarsa takan tafi ga kokon gero mai tsami da ake sha da ƙosai. Wanda ake magana a nan shi ne garin ƙwayar itacen koko, wadda ake yin cakulan da ita, kuma fiye da rabin abin da duniya take amfani da shi daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, a Afirka kuma Nijeriya da Kamaru na biye da su. Saboda haka gwangwanin da za ku ɗauka a kantin Tesco ko Aldi mai yiwuwa ne abin da ke cikinsa ya taso daga yankinmu, ya dawo gare ku da tsada.

A kan kantar za ku tarar da iri uku, kuma a nan ne sababbin zuwa suka fi yin kuskure, domin sun saba da Bournvita da Milo, waɗanda sun riga sun zo da sukari da sauran haɗi. Na farko shi ne wanda aka rubuta wa Cocoa Powder, zallar gari ne mai ɗaci, babu sukari babu madara, yawanci ma a ɓangaren kayan yin kek ake ajiye shi. Na biyu, Drinking Chocolate, an gauraya shi da sukari, amma da madara ake dama shi. Na uku, mai ɗauke da kalmar Instant, akwai garin madara a cikinsa, ruwan zafi kawai yake buƙata. A ganina na farko ya fi cancanta a saya, domin idan kuka duba jerin kayan haɗin da ke bayan sauran biyun, sau da yawa sukari ne a sahun gaba, kuma dokar ƙasar ta tanadi a fara jera abin da ya fi yawa. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 30 na ƙarin sukari a yini, kuma kofi ɗaya na haɗaɗɗen gari yakan ci kaso mai tsoka daga ciki. Wanda ya sayi zallar gari shi ne zai yanke wa kansa yawan zaƙin.

Madarar ruwa ita ma kala-kala ce, kuma launin tambarin jarkar ne yake bambanta su: shuɗi shi ne mai cikakken mai, kore an rage masa mai, ja kuwa an tsame kusan duka. Mai shuɗi ta fi ba da kauri da gardi. Wasu daga cikinmu da suka tashi da nono da kindirmo, amma ba su saba da ɗanyar madara ba, cikinsu yakan yi ƙugi idan sun sha da yawa. Irin waɗannan su nemi madarar da aka cire wa sinadarin laktos, wato sukarin madara da ke jawo ƙugin, ko ta hatsin ot, duk suna nan a jere ɗaya. Mai kewar ɗanɗanon gida kuma zai sami Peak da Nido a shagunan 'yan Afirka, kamar na unguwar Peckham a Landan.

Hannun da ya iya dama kunu ba zai sha wahala a nan ba, domin dabarar ɗaya ce. Garin koko yana da mai a jikinsa, shi ya sa idan aka watsa shi cikin ruwa mai yawa sai ya yi ta yawo a sama, ya dunƙule ya yi gudaji. Abin yi shi ne a zuba babban cokali ɗaya na garin a ƙaramar tukunya, da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na sukari, da ɗan gishiri wanda bai wuce abin da yatsu biyu za su tsinko ba, sannan a zuba madara kamar cokali biyu a kwaɓa har ya yi sumul. Bayan haka ne za a riƙa tsiyaya sauran madarar, kimanin mililita 250 ga mutum ɗaya, ana juyawa a kan wuta kaɗan. Wanda ya zo da maburgi daga gida ya fito da shi, ya fi cokali aiki nesa ba kusa ba, kuma mutanen Meziko, inda aka daɗe ana shan koko tun kafin Turawa su san shi, da irin wannan icce suke burga nasu har ya yi kumfa.

Kada a bari ya tafasa. Da zarar tururi ya fara tashi, ƙananan kumfa suka bayyana a gefen tukunya, sai a sauke. Murhun lantarki da ke yawancin gidajen haya yakan riƙe zafi bayan an kashe shi, don haka a ɗauke tukunyar gaba ɗaya daga kansa, in ba haka ba madarar za ta kama a ƙasa ko ta yi ambaliya, ƙaurin kuma yana iya tayar da ƙararrawar hayaƙi ya tara muku maƙwabta. Haka nan kada a dafa madara a butar lantarki, ta ruwa ce kawai.

Cakulan mai zafi ya fi wannan nauyi, domin da sandar cakulan ake yin sa. A yayyanka giram 30 zuwa 40 na baƙin cakulan mai kashi 70 cikin ɗari na koko, a zuba cikin madarar da ta yi zafi bayan an sauke ta, a dakata minti ɗaya, sannan a burga. Wanda yake son ya yi kauri irin na Sifaniya, wanda suke tsoma soyayyen fulawa a ciki, sai ya kwaɓa ƙaramin cokali na garin sitacin masara da madara mai sanyi ya haɗa, ya mayar kan wuta. Kayan ƙamshinmu suna shiga sosai, musamman citta da kirfa. Kanumfari dai ƙwaya ɗaya ta isa, domin yana danne ƙamshin kokon.

Ga Musulmi akwai abubuwa biyu da ake lura da su. Farar alewa mai laushi da ake ɗorawa a saman kofi, wadda yara suke ƙauna, galibi da jelatin ake yin ta, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma sau da yawa na alade ne, saboda haka a nemi mai tambarin halal ko wadda aka ce ta dace da marasa cin nama. Na biyu, a kasuwannin Kirsimeti irin na Manchesta da Bamingam ana sayar da cakulan mai zafi da aka zuba wa barasa, a rumfa ɗaya da wanda babu, don haka a tambaya kafin a biya.

Iyaye kuma su sani cewa ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba madarar shanu a matsayin abin sha, ba a kuma ba shi zuma. Ga manyan yara rabin awon gari ya wadatar, kuma gara a ba su da yamma bayan dawowa daga makaranta, ba dab da lokacin kwanciya ba, domin koko yana da ɗan sinadarin da ke hana barci, ko da yake bai kai na gahawa ba.