Yadda Ake Gane Irin Haɗin Zarra Biyu Ta Ƙarfin Jan Ilektiron

Ɗalibai da yawa a birnin Kano da ke shirin WAEC ko NECO haddacewa suke yi cewa gishiri haɗin ayonik ne (inda zarra ɗaya ke karɓe ilektiron daga ɗaya), ruwa kuma kobalent (inda zarrori ke tarayya a kan ilektiron), alhali ɗan lissafi kaɗan zai raba su da wannan wahala. Kowace zarra tana da gwargwadon ƙarfin da take jan ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin negatif da ke kewaye da tsakiyar zarra, idan ta haɗu da wata, kuma Linus Pauling, masanin kimiyya ɗan Amurka, shi ya fito da ma'aunin wannan ƙarfi a 1932.

Da farko a nemo lambar kowace zarra. Fulorin ce kan gaba da 3.98, sai oksijin 3.44, kulorin 3.16, kabon 2.55, haidirojin 2.20, sodiyam kuma 0.93. Daga nan sai a ɗebe ƙarama daga babba, domin tazarar ce abin dubawa.

Idan tazarar ba ta kai 0.4 ba, zarrori biyun suna raba ilektiron kusan daidai wa daida, wato kobalent marar rinjaye, kamar kabon da haidirojin masu tazarar 0.35. Idan ta faɗa tsakanin 0.4 da 1.7, har yanzu tarayya ake yi, amma irin ta 'yan kasuwar Kantin Kwari biyu da suka haɗa jari ɗaya ya fi ƙarfin hannu. Haka ruwa yake: tazarar 1.24 da ke tsakanin oksijin da haidirojin ta sa ilektiron sun karkata wajen oksijin, gefe ɗaya ya ɗauki ɗan cajin negatif, ɗayan fozitif. Shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri, ya kuma ƙi gauraya da kananzir. Idan ta haura 1.7, yawanci ayonik ne. Sodiyam da kulorin, waɗanda suka haɗu suka yi gishiri, tazararsu 2.23 ce, kulorin ta karɓe ilektiron ɗin ɗungurungum.

Sai dai ina roƙon malamai su riƙa nuna wa ɗalibai cewa 1.7 ba katanga ba ce. Haidirojin da fulorin tazararsu 1.78 ce, amma haɗinsu kobalent ne, saboda babu ƙarfe a cikinsu. Don haka kafin a yanke hukunci a duba: haɗin ayonik yakan kasance tsakanin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, idan kuwa dukkansu ƙarafa ne, kamar tagulla da zink, ilektiron ɗin yawo suke yi a tsakanin zarrorin gaba ɗaya, wannan lissafi bai shafe su ba.